Kwana Biyar: Wa Ke Isa Ga Maganin Kafin Wa'adi Ya Cika?

Ranar 21 ga Yulin 2022 gwaji ya nuna cewa shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya kamu da korona. Yana da shekara 79 a duniya. A ranar fadarsa ta sanar cewa ya fara shan Paxlovid, maganin da kamfanin Pfizer ya haɗa domin daƙile ƙwayar cutar tun ba ta yi ƙarfi a jiki ba. Babu abin zargi a nan. Dattijo ne, shekarunsa sun sa shi cikin waɗanda cutar ta fi yi wa lahani, kuma likitocinsa sun yi abin da ya dace. Abin da ya sa muka fara da shi shi ne tazarar da ke tsakanin gwajinsa da ƙwayar farko da ya haɗiya, wadda ba ta kai yini guda ba. A wannan watan, a cikin wannan ƙasar, maganin kyauta ne ga kowa domin gwamnati ta riga ta biya kuɗinsa. Duk da haka akwai tsaransa masu yawa da suka kwanta, wasu ma ba su tashi ba, alhali maganin yana ajiye a wani kanti da ke unguwarsu.

Kafin mu shiga batun wa ya samu wa ya rasa, ya kamata mai karatu ya san irin maganin da ake magana a kai. Mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, da korona, da wasu cututtukan numfashi, ƙwayar bairos ce ke kawo su. Magungunan antibayotik da muke yawan saye a kemis ba su taɓa bairos ko kaɗan. Aikinsu a kan bakteriya yake. Ita bairos ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ta mai da su masana'antarta, ta riƙa buga kwafin kanta babu ƙaƙƙautawa. Wannan hayayyafa a kwanakin farko ta fi ƙarfi. Bayan nan, mafi yawan ɓarnar da ke kai mutum gadon asibiti tana fitowa ne daga kumburin huhu da kuma yadda garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen faɗa. Magungunan daƙile bairos aikinsu ɗaya ne, su tsayar da hayayyafar. Shi ya sa kowanne yake da wa'adi. Paxlovid sai an fara shi cikin kwana biyar daga ranar da alamu suka bayyana, ƙwaya uku da safe uku da dare, har kwana biyar. Oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, maganin infuluwenza, ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 48. A gwajin da aka yi wa Paxlovid kafin hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa a Disamban 2021, ya rage kwanciya a asibiti da mutuwa da kusan kashi 89 cikin ɗari a tsakanin manya masu rauni waɗanda ba a yi wa rigakafi ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wannan wa'adin ne ke mai da kowane irin rashi na zamantakewa ya zama rashin magani. Talauci, nisa, rashin likitan da ya san mutum, rashin jin harshen ƙasa, aikin da ba a ba da hutu, kowanne yana cin kwana ɗaya ko biyu daga cikin biyar ɗin. Maganin hawan jini idan mutum ya makara da mako guda zai fara ya ci gajiyarsa. Wannan kuwa idan rana ta shida ta yi, ƙofar ta rufe.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahotanni biyu a 2022 da suka nuna haka ƙarara. Na farko ya fito a watan Yuni. An raba yankunan ƙasar kashi uku gwargwadon raunin mazauna, ana duba talauci da cunkoson gidaje da rashin abin hawa da makamantansu. Sai aka ga cewa yankunan da suka fi rauni su ne suka fi yawan wuraren ba da maganin, amma adadin da ke isa hannun mutane a can kusan rabi ne na abin da ake bayarwa a yankunan masu hali. Gwamnati ta kai kaya inda ya kamata, kayan suka zauna a kan kanta. Na biyu ya fito a watan Oktoba, kuma ya fi tayar da hankali, domin ya duba mutanen da suka riga suka ga ma'aikacin lafiya aka tabbatar suna da cutar. Tsakanin Afrilu da Yulin 2022, baƙar fata an rubuta musu Paxlovid ƙasa da fararen fata da kashi 36 cikin ɗari, 'yan asalin Latin Amurka kuma ƙasa da sauran da kashi 30. Tazarar ba ta ɓace ba ko a tsakanin tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, wato waɗanda maganin ya fi yi wa amfani. A tuna kuma cewa waɗannan al'ummomi suna cikin waɗanda annobar ta fi kashewa gwargwadon yawansu a shekararta ta farko.

Mu ƙaddara mutum biyu a birni ɗaya, kowanne ya haura sittin, kowanne yana da ciwon suga. Na farko tsohon ma'aikacin ofis ne mai inshorar lafiya. Ya tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro ranar Litinin, ya ɗauko abin gwaji a durowa, layi biyu suka fito. Ya aika wa likitansa saƙo ta waya. Likitan yana da tarihinsa a kwamfuta, ya san magungunan da yake sha, ya san lafiyar ƙodarsa. Kafin la'asar 'yarsa ta karɓo maganin a mota. Ta biyu kuwa mata ce mai aikin shara da goge-goge a otal, ana biyanta gwargwadon awannin da ta yi. Amurka ba ta da wata dokar tarayya da ta tilasta wa masu kamfani su biya ma'aikaci ranar da ya kwanta rashin lafiya, don haka Litinin da Talata ta sha maganin zazzaɓi ta tafi aiki, tana fatan mura ce kawai. Laraba jiki ya ƙi. Alhamis ta samu gwaji. Ba ta da likitan kanta, sai ta nemi layi a asibitin unguwa aka ce sai gobe. Juma'a ta ga wani likita da bai taɓa ganinta ba, babu takardar gwajin ƙodarta, kuma ba ta iya kawo sunayen magungunanta da Turanci ba. Likitan ya ce ta je ta huta, ta dawo idan numfashi ya yi wuya.

Wannan likita ba lallai ne mugu ba, kuma a nan ne lamarin ke da sarƙaƙiya. Paxlovid magani biyu ne a haɗe. Nirmatrelvir shi ke tare bairos. Ritonavir, wanda tsohon maganin ƙanjamau ne, aikinsa ya hana hanta saurin narkar da na farkon. Matsalar ita ce yana hana hanta narkar da wasu magunguna da yawa su ma, ciki har da wasu na rage kitsen jini, da wasu na tsinka jini, da wasu na bugun zuciya, sai su taru a jiki su zama guba. Mai ciwon ƙoda kuma sai an rage masa adadi. Likitan da ya san mara lafiyarsa zai ce a dakatar da kaza na 'yan kwanaki, a rage kaza, magana ta ƙare. Wanda bai san shi ba, ga layi a waje, abin da ya fi masa sauƙi shi ne kada ya rubuta. A watan Yulin 2022 an ba masu harhaɗa magunguna izinin rubuta shi da kansu domin a gajarce hanya, amma da sharaɗin mara lafiya ya zo da bayanan gwajin ƙoda da hanta na cikin shekara guda da jerin magungunansa. Wa ke da waɗannan takardu? Wanda dama yana da likita.

Irin wannan ne ya sa har tsufa ya zama shinge. Wani rahoton CDC na 2024 ya nuna cewa waɗanda suka kai shekara 90 ba su samun maganin kamar yadda 'yan 65 zuwa 74 ke samu, alhali haɗarinsu ya fi. Yawan magungunan da suke sha na daga cikin abin da ke sa likita ja da baya. A Ingila ma, inda ganin likita kyauta ne, binciken bayanan marasa lafiya ya nuna cewa mazauna unguwannin talakawa da baƙar fata sun fi rasa waɗannan magunguna. Wato cire kuɗi daga hanya, duk da muhimmancinsa, bai isa ba.

Akwai wani ɓangare da ya kamata duk mai baƙar fata ya sani. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa don auna iskar oksijin a jini da haske take aiki, kuma launin fata yana shafar lissafinta. A Disamban 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka wallafa cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin iskar a jinin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na farar fata. Na'ura ta ce lafiya, jini kuwa yana cewa akasin haka. A asibitoci da yawa a lokacin, wannan lamba ce ke yanke hukuncin wanda za a fara ba remdesivir, maganin bairos na allura, da sauran magungunan masu tsananin ciwo. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins a 2022 ya gano cewa an yi jinkirin gane cancantar marasa lafiya baƙar fata da 'yan Latin saboda haka. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan. An dai gwada na'urar ne galibi a kan fata mai haske, aka sayar wa duniya baki ɗaya, har da asibitocinmu.

Wasu za su ce ai mutanen ne ba su yarda da magani ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma rashin yardar yana da tarihi. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙa bin wasu maza baƙar fata masu ciwon tunjere a Tuskegee da ke jihar Alabama, tana kallon yadda cutar ke cinsu, ba ta ba su penisilin ba ko bayan da ya zama sanannen magani. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan tabo. Mutanen Kano ba su manta da gwajin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, wanda ya haɗa yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin, wanda shi ne dai Pfizer, ya dage cewa cutar ce ta kashe su, daga baya aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda ya san wannan ba zai raina tsoron kowa ba. Sai dai hujjar rashin yarda tana da daɗin ɗauka ga masu iko, domin tana mai da laifi kan mara lafiya. Mutum ba ya ƙin abin da ba a taɓa yi masa tayinsa ba, kuma da yawa ba su ma san akwai maganin ba balle su nema.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Waɗannan magunguna ba na kowa da kowa ba ne. Gwajin da Pfizer ya yi daga baya a kan mutanen da haɗarinsu bai kai haka ba, ciki har da waɗanda aka yi wa rigakafi, bai nuna wani amfani a fili ba. Molnupiravir na kamfanin Merck, a babban gwajin da aka yi a Birtaniya, bai rage kwanciya asibiti ba a tsakanin masu rigakafi. Tamiflu kuwa likitoci sun daɗe suna jayayya a kan girman amfaninsa. Abin da aka fi yarda da shi shi ne yana rage ciwon da kimanin yini guda, ana kuma ba da shi ga masu tsananin ciwo da masu rauni. Wannan bai rage nauyin maganarmu ba, ƙara mata ya yi. Idan amfanin magani ya taru a kan tsoho da mai suga da mai ciwon ƙoda da mai raunin garkuwa, to rabon da ke bin aljihu da sanayya yana kai shi ga wanda bai cika buƙata ba, ya tsallake wanda ransa ke kan siraɗi.

Abin da ya faru tsakanin unguwa da unguwa a Amurka shi ne ya faru tsakanin ƙasa da ƙasa, sai dai a nan ana lissafin jinkiri da watanni. Gwamnatin Amurka ta sayi miliyoyin kason maganin tun kafin a ba da izininsa, a kan kimanin dala 530 kowanne, sauran ƙasashe masu arziki suka bi layi. A Nuwamban 2021 Pfizer ya amince wasu kamfanoni su haɗa kwatankwacinsa mai araha domin ƙasashe 95, matakin da ya cancanci yabo, ko da yake an bar ƙasashe masu matsakaicin hali irin su Brazil a waje. Amma haɗa magani da tabbatar da ingancinsa yana cin lokaci. Sai a Disamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na farko, na kamfanin Hetero da ke Indiya, shekara guda cur bayan Amurkawa sun fara sha, kuma bayan guguwar Omicron ta farko ta riga ta wuce. A ƙarshen 2022 ne wani shirin agaji ya fara kai maganin ƙasashe goma, ciki har da Najeriya da Ghana, da kyautar kaso 100,000 a tsakaninsu duka. A lokacin yawancin mutane sun daina gwaji, kuma maganin da ke buƙatar gwaji cikin kwana biyar ba shi da mai karɓa inda ba a gwaji. Ihu bayan hari ke nan. Ita kuwa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, da Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi ta sassauta haƙƙin mallaka tun Oktoban 2020, a Yunin 2022 ta amince da ɗan sassauci a kan rigakafi kaɗai, ta ce za ta duba batun magunguna da kayan gwaji cikin wata shida. Ba a taɓa cim ma matsaya ba. A ƙarshen 2023, da gwamnatin Amurka ta fara janye hannu daga raba shi kyauta, kamfanin ya sa masa farashin dala 1,390.

Wannan rigima ta girmi korona. Lokacin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a wata gonar kaji da ke jihar Kaduna a farkon 2006, ƙasashe masu arziki sun yi ta tara Tamiflu a rumbuna, su kuwa ƙasashen da cutar ke kashe wa mutane suna kallo. Indonesiya, wadda ta fi kowa asarar rayuka, ta daina aika samfurin ƙwayar cutar ga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007. Ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta kafa hujja da cewa ana karɓar samfurin kyauta, a haɗa rigakafi da shi, a dawo a sayar musu da tsadar da ba za su iya ba. An zarge ta da jefa duniya cikin haɗari, kuma zargin ba wofi ba ne. Amma daga wannan turjiya aka samu yarjejeniyar 2011 wadda ta ɗora wa kamfanonin da ke amfana da samfurin alhakin ware wani kaso na rigakafi da magungunan bairos domin ƙasashe masu rauni. Yarjejeniyar annoba da aka amince da ita a Mayun 2025 ta ɗauki wannan tafarki, da burin ware kashi 20 cikin ɗari na abin da ake haɗawa, rabinsa kyauta. An bar bayanin yadda za a aiwatar ga wata tattaunawa ta gaba, kuma Amurka ba ta cikin zaman.

A gidajenmu fa? Wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya: a yawancin asibitocin da talaka ke zuwa, zazzaɓi da tari ba su kai mutum ga gwajin infuluwenza ko korona. Maleriya ce ko taifot, in tari ya yi yawa a ƙara antibayotik. Kwana biyar ɗin sukan ƙare ne tsakanin kemis na bakin layi da jiƙon da maƙwabciya ta kawo, sai numfashi ya sarƙe a nemi mota cikin dare. Muna zaune da kakanni da jikoki a gida ɗaya, hunturu na zuwa da ƙura da mura duk shekara, alhazanmu kuma, waɗanda da yawansu dattawa ne masu suga da hawan jini, sukan dawo da tarin da kowa ya san shi. Bambancin da aka auna a Amurka tsakanin fari da baƙi, a nan zai fito ne tsakanin mai iya zuwa asibitin kuɗi a babban birni da mutumin ƙauye, tsakanin mai gida da matar da sai ta jira izini da kuɗin mota, tsakanin mai jin Turancin likita da wanda ke gyaɗa kai kawai. Can an ƙirga shi har aka ji kunya aka yi gyare-gyare. Abin da muke nema daga ma'aikatun lafiya shi ne su fara ƙirgawa, su sa gwajin gaggawa da maganin a wuri ɗaya a asibitocin matakin farko, musamman a lokacin hunturu da dawowar alhazai, domin ajiye ƙwayoyi a babban asibitin jiha inda babu mai isa kan lokaci maimaita kuskuren da aka riga aka gani ne.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu, kuma ɗalibai ne suka fi dacewa da ɗaukarsa, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane gida ya san su wa ke cikin haɗari a cikinsa: wanda ya haura sittin, mai suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda ko asma, mai juna biyu, mai shan maganin da ke raunana garkuwa. Ɗalibin gidan ya zauna da Kaka ko Baba ya rubuta sunan kowane magani da suke sha yadda yake a jikin kwalin, da adadinsa, har da na gargajiya, ya haɗa da takardar gwajin ƙoda ta ƙarshe in akwai, ya ɗauki hotonsu a waya. Ranar da ɗayansu ya tashi da zazzaɓi da tari, a rubuta ranar, domin daga ita ake fara ƙirge, ba daga ranar zuwa asibiti ba. Kada a jira a ga yadda jiki zai yi. A raka shi, a miƙa takardar, a tambayi likita cikin ladabi ko akwai gwajin mura mai tsanani ko korona, ko kuma mara lafiyar yana cikin waɗanda maganin bairos zai amfana. Idan an maƙala na'urar yatsa ta nuna lafiya alhali ana ganin tsohon yana haki, leɓensa ya sauya launi, a faɗa wa likitan abin da ido ya gani. Kada kuma wani ya sayo waɗannan magunguna da kansa a kasuwa ya ba tsoho mai shan maganin zuciya, domin haɗuwarsu a jiki na iya yin illar da ta fi ta cutar.